Gyaran unguwannin kamfanoni a Legas: mu ake yi wa ko share wa wasu wuri ake yi?

Dan_Iganmu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah mazauna ɓangaren Iganmu, Orile, Ijora, Costain har Ebute Metta ku matso ina da magana. Gidan da muke haya tsohon gidan leburorin kamfani ne, irin mai ɗaki na kallon ɗakin nan, banɗaki a baya, yana jingine da katangar wani sito da aka rufe tun kafin in zo Legas. Da can ba wanda ya san da zaman layinmu, kwata a toshe, titi duk rami, tirela ta kwana a ƙofar gidanka ba ka da ta cewa. To tun da jirgin ƙasan Marina zuwa Mile 2 ya fara aiki a 2023 sai muka ga abubuwa na motsi, aka kwashe bolar bakin layi, aka kafa fitilun sola, siton nan ma wani ya saya ya yi masa fenti ya sa gilasai ya zama wurin biki, ranar Asabar motoci har ƙofar masallacinmu. Muna ta murna an tuna da mu, sai ga takarda daga 'ya'yan mai gidan, don uban ya rasu, wai kowa ya nemi wuri nan da wata uku sun ba dibelofa (mai gina gidaje don kasuwanci) gidan zai rushe ya ɗora bene.
Tambayata, wata ukun nan haka doka ta ce? Ta biyu kuma wadda ta fi damuna, wannan gyaran da ake ta yi wa tsofaffin unguwannin kamfanoni, mu ake yi wa ko share wuri ake yi wa masu zuwa bayanmu? In tsaya in nemi wani ɗakin a nan ne ko in tattara in yi Agbado ko Ikorodu kamar yadda kowa ke yi?

Bakatsine_Orile:
Wa alaikumus salam. Ta biyun ai ka amsa da kanka malam. Ka taɓa ganin an yi wa ɗan haya gyara? Mai ƙasa ake yi wa.

AbbaMarina:
Ni dai gsky ban yarda da wannan kukan ba. Allah ya ba ka mafita Dan_Iganmu amma kar mu ce komai ba a yi mana ba. Ni a Island nake aiki, da can in ban bar gida kafin asuba ba to na shiga uku a gadar Eko, danfo ya tsaya cak kwandasta na zaginka kana zufa, yanzu kuwa in taka zuwa tasha in ɗora katin Cowry na biyan kuɗin jirgi in zauna cikin sanyi, kafin in gama duba waya an ce Marina. Ba wanda ya tambaye ni ko ina da gida a Legas kafin in hau. Kullum mu dai ƙorafi, a bar unguwa cikin ƙazanta mu yi kuka, a gyara mu yi kuka.

Bakatsine_Orile:
@AbbaMarina bari mai gidanku ya gano kana jin daɗin jirgin, za ka ga sanyi a kuɗin haya hhhh

Lauyan_Zaure:
@Dan_Iganmu kafin a yi nisa bari in taɓa ta farkon. Ya danganta da yadda kake biyan haya da kuma abin da kuka rubuta a agrimen. In agrimen bai faɗi komai a kan notis ba, dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ce mai biya wata-wata notis ɗinsa wata ɗaya, mai biyan wata uku ko wata shida nasa wata uku ne, mai biyan shekara kuwa wata shida cur. Bayan notis ya ƙare ma sai an sake ba ka takardar kwana 7, sannan a je kotu, kotu ce kawai ke fitar da mutum. Cire rufi, ko ƙwace ƙofa, ko turo 'yan daba su watso kaya waje duk laifi ne a dokar. Sai dai ka lura, dokar ta cire wasu wurare daga cikinta: Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island. Ku da kuke bakin iyakar Apapa sai an duba adireshinku da kyau. Ka tattara rasit ɗinka duka, kar ka daina biyan haya don haushi, kuma ku je a ƙungiyance cibiyar sasanci ta Citizens' Mediation Centre, kyauta ce. Amma gsky ita ce doka lokaci kawai za ta saya maka, ba za ta hana masu gida rushe gidansu ba.

Dan_Iganmu:
Na gode barista. Shekara-shekara nake biya, rasit kuma akwai, sai dai agrimen ɗin da marigayin muka yi da baki, mutumin kirki ne bai taɓa takura mana ba.

Tsohon_Masaka:
Yara ku ba ku ga unguwannin nan da ransu ba shi ya sa fenti da fitila ke burge ku. Ni na zo Ikko jirgin ƙasa ne ya sauke ni a Iddo, a lokacin in ka tsaya bakin titi a Isolo ko Ilupeju ko Oba Akran da ƙarfe biyun rana aka busa jiniyar canjin aiki, mutane ne za su ɓarko daga get kamar an tashi daga idi, masu fita da masu shiga, kowa da ɗan kwanon abincinsa, audugar zare a gashin kai. Afprint, Aswani, Enpee, Nichemtex can Ikorodu, masaƙu ne manya masu aiki dare da rana. Ni a ɗaya daga cikin masaƙun Legas na yi aiki, ba zan kama suna ba don har yau akwai haƙƙinmu a wurinsu, sashen rini nake, hannuna sai da ya yi shekaru da launi bayan na bari. Kuma ba mu kaɗai ke ci ba, mai tuwo tana ci, mai shayi yana ci, tela, mai wanki, mai gidan haya, har ɗan'uwanka da ya zo ci-rani ka kai shi wurin foman a ɗauke shi lebura.
Abin da ya kashe su kowa ya sani. Wuta babu, baƙin man da ake kunna tukunyar tururi da shi ya yi tsada, gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da yadi daga waje a wajajen 1997, atamfar China ta riƙa kwararowa ta Kwatano da Seme a farashin da ko zarenmu bai saya ba. Yau ka je Aswani sunan kasuwar Talata ne kawai, yaro bai ma san masaƙa ce ta ba wurin suna ba. Irin abin da ya sami Kakuri a Kaduna da Sharada da Bompai a Kano, bambancin kawai a nan ƙasa tana da tsada, gawar kamfanin ma kuɗi ce.
To ni abin da nake tambaya in an ce an raya unguwa, mutum nawa wurin bikin nan ya ɗauka aiki? Maigadi biyu da masu shara ranar Lahadi.

UmmuHanan:
Allah ya ƙara lafiya Baba, wlh ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni abinci nake sayarwa kusa da Costain, tuwo da miyar kuka da shinkafa da wake, masu cinikina 'yan dako ne da direbobi da yaran gareji. Garejin da ke gefenmu an tashe su an kewaye filin da kwano an kafa allo da hoton bene mai ruwan wanka a sama, tun daga ranar tukunya ɗaya nake ɗorawa maimakon biyu. Masu zuwa wurin biki ba sa sayen tuwo, da abincinsu suke zuwa a kula, iyaka su tare mana hanya da motoci, kuma mai tsaron get ya ce in janye tebur wai ina ɓata musu gaba. Ni da na riga gilashin zuwa layin.
Kuma ku maza kuna ta lissafin jirgi ba wanda ya yi zancen yara, in ka tashi ka koma Agbado islamiyyar fa? makarantar bokon da aka riga aka biya fa? maƙwabciyar da kake bar wa yaro ka je kasuwa fa? Waɗannan ba a loda su a mota.

Dan_Iganmu:
Hajiya wlh maganar da maiɗakina ta yi kenan jiya, ita ba ta ƙi a ƙara mana kuɗi ba in dai za a bar mu a layin.

Sani_Taya:
Baba ka manta da kamfanonin taya, Dunlop da Michelin duk a Ikeja suke suka gudu.

Injiniya_KD:
@Sani_Taya Dunlop ne a Oba Akran Ikeja, ya daina yin taya a 2008. Michelin a Fatakwal masana'antarsa take, ita ta riga rufewa a 2007.

Maigadin_Sito:
Slm. Ni aikin gadi nake a irin wuraren da kuke magana, bari in faɗa muku yadda abin ke tafiya don a idona ake yi. Kamfani in ya mutu ba a rana ɗaya yake mutuwa ba. Farko za a bar mu mu biyu ko uku da manaja ɗaya yana leƙowa, injina a rufe da tamfol ana cewa za a dawo. Sai rufi ya fara yoyo, bishiya ta tsiro a cikin magudanar rufin, jemagu su tare ofishin akanta. Wata rana sai ka ga an zo da masu yankan ƙarfe da tukunyar gas, injin da aka ce daga Jamus aka kawo shi a yanka shi gunduwa-gunduwa a ɗora a sikeli a sayar da kilo, 'yan'uwanmu 'yan bola jari su samu na kwana biyu. Daga nan sai ɗayan uku: coci ta karɓa, ko a mayar da shi wurin ajiye kwantena, ko wurin biki. Inda nake yanzu coci ce ta karɓi rabi, ɗayan rabin an cika shi da katan-katan na kayan waje. Wato inda ake ƙera kaya da, yanzu nan ake ajiye wanda aka ƙera a wata ƙasa.
Kuma duk sabon mai wuri abin da yake fara yi shi ne ya sallami tsohon maigadi ya kawo kamfanin tsaro masu yunifom. Ɗakin get ɗin nan da kuke rainawa mutum nawa 'yan garinmu suka fara kwana a ciki ranar da suka sauka Legas.

Bakatsine_Orile:
Allah sarki. Wannan gaskiya ne, ni ma a ɗakin get na fara kwana.

AbbaMarina:
To amma jama'a me kuke so a yi da kangon? a bar wa jemagu? Ku dubi National Theatre, babban gidan wasanni na ƙasa, tun 1976 aka gina shi aka yi bikin al'adun FESTAC 77 a ciki, ya lalace har ana tsoron wucewa ta wurin da dare, yanzu bankuna sun zuba kuɗi sun gyara an sa masa sunan Wole Soyinka a 2024, ga tashar jirgi a gefensa. Wannan ba abin alfahari ba ne ga duk mai zama Iganmu?

UmmuHanan:
Abba ƙanina ka taɓa shiga ciki tun da aka gyara?

AbbaMarina:
Ta jirgi nake hango shi Hajiya 😂 amma dai ya yi kyau

Direban_Tirela:
Ni na ga kowa sai ya ambaci tirela kamar mu ne muka kashe unguwar. Mu ma ba son ranmu ba ne mu kwana a kan gada, wa ke son ya yi sati a layi daga Ijora zuwa get ɗin Apapa yana wanka da ruwan leda, ga agbero 'yan tasha masu karɓar kuɗi ga masu kaki kowane shinge sai ka sauke wani abu. Tashar jiragen ruwa tana nan, ta Tin Can ma tana nan, depo-depo na mai suna nan, kaya kuma dole su fita, kamfanonin da ke da filin ajiye motoci sun sayar da filayen to ina za mu tsaya? Tun da aka kawo tsarin Eto a 2021, wanda sai an kira ka ta waya kafin ka taso daga gareji, abin ya ragu ba kamar da ba duk da shi ma akwai nasa cuwa-cuwar, kuma titin Apapa zuwa Oshodi da Dangote ya zuba wa kankare ya taimaka. Amma ku sani ranar da tirela ta bar yankin nan gaba ɗaya, misali aiki ya koma tashar Lekki, to mai shayi da mai faci da mai wankin mota da irin su Hajiya mai tuwo duk sun bi mu. Ƙazantar da kuke gani ita ce ta riƙe haya da arha.

Injiniya_KD:
Maganar ƙarshen nan ta direba ita ce zancen gaba ɗaya, ko da ba daɗin ji. Arhar da muke samu a Ijora da Iganmu ba don ana son mu ba ne, don masu kuɗi ba sa iya zama da hayaƙi da gosulo ne. Wurin kuwa a tsakiyar gari yake, gada ɗaya tsakaninka da Island, ga Surulere ga Apapa. Da zarar an rage wahalar dole farashi ya koma inda ya kamata ya kasance tun farko.
Amma ni abin da ke ba ni tsoro daban ne. Yawancin yankin nan fadama ce aka cike. Dibelofa in ya zo sai ya zuba yashi ya ɗaga filinsa sama da titi, ruwan da da yake kwanciya a wurin ina zai je? gidan maƙwabci. Shi ya sa za ka ga layin da bai saba ambaliya ba, an yi bene biyu kawai damina ta zo ruwa har gado. Na biyu, filin da aka yi shekaru ana rini ko haɗa batir ko fenti ko ajiye mai a kansa, ƙasar ta sha abubuwa, kuma kowa a nan bohol ko rijiya yake haƙawa. A ƙa'ida sai an gwada ƙasa da ruwan kafin a ɗora gidan kwana. Duk wanda zai kama ɗaki a sabon gini a tsohon filin kamfani ya ɗebi ruwan a roba fara ya ajiye ya kwana, ya duba launi ya shinshina, in ya ji warin kananzir ko ya ga ja-ja a ƙasa kar ya ba yara. Wannan ma gwajin talaka ne, akwai gubar da ba ta da wari ba ta da launi sai a lab.

Tsohon_Masaka:
Injiniya ka yi gaskiya. Ruwan rinin da muke saki a kwata wata rana shuɗi wata rana ja, yaran unguwa har wasa suke a ciki. Allah ya yafe mana.

Gidaje_Sharp:
Slm masu neman ɗaki akwai selfkon (ɗaki mai banɗaki da kicin a ciki) sabo dal a Orile kusa da tasha, ruwa da mita naka kai kaɗai, akwai kuma ɗaki da falo a Ijesha, a yi min magana ta inbox, kuɗin dubawa daban

Bakatsine_Orile:
Ga su nan sun iso. Ana zaman makoki kana tallan likkafani.

Gidaje_Sharp:
Haba malam sana'a ce, ni ma haya nake. Ba mu ke sa kuɗi ba masu gida ne.

UmmuHanan:
Agrimen da kwamishan da kuɗin koshan (na ajiya don ɓarna) ma masu gida ne ke sawa? kai dai a yi shiru kawai

Admin_Zaure:
@Gidaje_Sharp talla ranar Juma'a ake yi a zauren nan, ka kiyaye. A ci gaba.

DanZango_Agege:
Ni zan faɗi abin da ba a so. Matsalarmu mu 'yan Arewa a Legas ita ce mutum ya yi shekara talatin a gari yana ce wa kansa baƙo. Duk abin da ya samu ya tura gida ya gina ɗakuna a ƙauye waɗanda ba ya kwana a ciki sai da sallah, nan kuma inda yake neman kuɗin yana ɗakin haya. Kakanninmu da suka zo Agege fataucin goro ba haka suka yi ba, sun zauna sun mallaki fili sun yi Zango sun yi masallatai sun yi sarauta, shi ya sa da aka yi gadar Pen Cinema a 2021 aka kawo jirgin ƙasan Red Line na Agbado zuwa Oyingbo a 2024, duk da an taɓa wasu gidaje da shaguna na bakin hanya, wanda gidansa ya tsira yau darajarsa ta ƙaru, dibelofa shi ke zuwa yana roƙonsa. Haka Idi-Araba. Gyara ɗaya ne, mai takarda ya ci riba ɗan haya ya kwashi kaya. Lokacin da Orile da Okokomaiko suke daji ana ba da fili a banza iyayenmu da yawa cewa suka yi wa zai zauna a kurmi.

Bakatsine_Orile:
@DanZango_Agege kai an haife ka a gidan gado shi ya sa bakinka ke da kauri. Mutumin da ke tura baro a Mile 12 ko yake dakon buhu a Iddo da me zai sayi fili? Kuma da ka ce a gina a nan, rikici in ya tashi wa ake fara ƙona wa kaya? Ka manta rikicin Idi-Araba a 2002? Wanda ya gina a gida ba wawa ba ne, ya san abin da ya gani.

DanZango_Agege:
Ban ce wawa ba ne yaya, kuma ban manta ba. Amma bayan 2002 ɗin Hausawan Idi-Araba sun tashi? suna nan, saboda suna da abin da ya riƙe su.

Dan_Badia:
Ku daina zancen takarda kamar ita ce ƙarshe. Ni a Badia na taso gefen layin dogo, Fabrairun 2013 da safe katafila ta shigo, masu cewa sun saya da masu haya duk tare muka tsaya a kan layin dogo muna kallo, wata tsohuwa maƙwabciyarmu abin da ta iya fitarwa tukunya ce da agogon bango. Daga baya an biya wasu ɗan abin da aka biya, a 2015 aka sake rushe wani ɓangaren. Kafin mu an rushe unguwar Maroko a 1990, je ka ga abin da ke wurin yanzu ka gaya min ko ɗan Maroko ɗaya na iya kama ɗaki a can. An rushe unguwar Otodo Gbame ita ma. Masu katako na Oko Baba an gina musu wuri a Agbowa an ce su koma can, ka duba nisan Agbowa da Ebute Metta. 'Yan'uwanmu na kasuwar Alaba Rago su ma a 2022 aka ba su wa'adin tashi, ga aikin jirgi zai wuce ta wajensu zuwa Okokomaiko. Ni duk inda na ga an fara auna titi da jan fenti a bango gabana faɗuwa yake.

Mr_Kudu:
Duk wannan don mu Hausawa ne kawai, so suke su kore mu daga Legas, sun hana okada yanzu sun dawo gidaje

Lauyan_Zaure:
@Mr_Kudu a yi adalci. Hana okada na Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Apapa da Surulere da Lagos Mainland, ya fi taɓa yaranmu, wannan ba musu. Amma mutanen Maroko da Badia da Otodo Gbame yawancinsu Yarbawa ne da Ilaje da Egun. Katafila ba ta tambayar yare. In muka mayar da shi zancen ƙabila mun raba kanmu da maƙwabtan da ya kamata mu je ofis tare da su.

Dan_Iganmu:
Gsky ne barista, a gidanmu mu uku ne kawai Hausawa, sauran Yarbawa ne da Ibo da wata mata 'yar Calabar, takarda iri ɗaya aka ba kowa. Wanda ya fi kowa kuka ma wani tsoho ne Bayarabe da ya yi ritaya daga reluwe.

Admin_Zaure:
Don Allah a bar zancen ƙabila a nan, wanda ya sake zan goge.

Hajiya_Oyingbo:
Ni ta ɓangaren kasuwa zan yi magana. Duk kasuwar da aka ce za a mayar ta zamani ka fara neman inda za ka koma. Tejuosho ta ƙone a 2007 aka gina sabuwa mai kyau da bene da wurin ajiye motoci, masu tebur na da suka kasa kama shago suka watsu a titunan Yaba. Ba a kore ka da baki, kuɗin shagon ne zai kore ka. Haka gidajen Ebute Metta, 'ya'ya sun gāji gidan kaka ba su da kuɗin gyara ba sa jituwa, sai su ba dibelofa ya gina ya ci shekarun da aka yi yarjejeniya ya mayar musu, shi kuma don ya fitar da kuɗinsa da wuri sai ya yanka ɗakuna ƙanana, ka miƙe ƙafa ta taɓa ƙofar banɗaki, ya sa kuɗin da ya ninka na da. Kuma wasu ginin ka ji tsoron Allah ka ji tsoron hawa.
Amma in faɗi alheri, tun da aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Mobolaji Johnson a 2021 zuwa Ibadan ya zama wasa, kuma layinmu da dare yanzu mace na iya fita sayen magani. Da ba haka ba.

AbbaMarina:
Yauwa Hajiya na gode, ko mutum ɗaya ya faɗi alheri. Ni abin da nake cewa kenan, tsaro ma ai namu ne duka.

Tsohon_Masaka:
Abba ɗana ba wanda ya ce fitila ba ta da amfani. Cewa muka yi wanda ya sha duhun ba shi ke shan hasken ba. Da za a ce duk dibelofan da ya rushe gidan haya sai ya ware wasu ɗakuna a farashin da tsofaffin 'yan haya za su iya, ko a ce tsohon kamfani in za a sayar a bar wani ɓangare ga masu walda da kafintoci da teloli su yi aiki, da ba wanda zai yi ƙorafi. Amma wa zai faɗa musu? Sarakunan Hausawan namu sai an yi gobara ko rikici ake ganinsu.

DanZango_Agege:
Baba a yi musu uzuri, sarki ba ya hana mai gida sayar da gidansa. Kuma mu nawa ne muke da katin zaɓe na Legas? Kowa nasa na gida, ranar zaɓe unguwa ta zama wayam an tafi Arewa. Kansila ya san wanda ya zaɓe shi. Ko taron CDA, ƙungiyar ci gaban unguwa, ba ma zuwa, sai an yanke hukunci mu ce an yi mana.

UmmuHanan:
Wannan kam gaskiya ne, maigidana ko sau ɗaya bai taɓa zuwa mitin ɗin layi ba, kuɗin tsaro kawai yake bayarwa

Dan_Iganmu:
Jama'a na gode ƙwarai. Mun zauna da sauran 'yan gidan daren jiya, tsohon reluwen nan zai jagorance mu mu je wurin sasancin da barista ya faɗa mu nemi wata shidanmu. Na kuma leƙa wani ɗaki a Orile yau, ɗakin bai kai namu ba kuɗin kuma ya kusa ninki biyu ban da na ejan. Wani abokina yana ta ja na Agbado wai akwai fili ma da za a iya biya kaɗan-kaɗan, ni kuma sana'ata a Ijora take wajen masu kifin sanyi, ƙarfe shida ake buɗewa. Har yanzu dai ban san inda na dosa ba.

Direban_Tirela:
In Agbado ne jirgin zai sauke ka Oyingbo, daga nan Ijora ba nisa. Sai dai ka fara gwadawa da sassafe ka gani da idonka kafin ka biya kuɗin ɗaki, kar ka dogara da labari.

Bakatsine_Orile:
Kuma filin kaɗan-kaɗan ɗin nan ka yi hattara, omo onile, masu cewa ƙasar ta kakanninsu ce, za su sayar maka su sayar wa wani, ka zo aza tubali su ce kuɗin fandesho, ka zo rufi su ce kuɗin rufi.

DanZango_Agege:
Duk da haka gara ya saya. Ya dai tambaya da kyau filin a Legas yake ko a Ogun, don Agbado ta haɗa duka biyun kuma takardunsu ba ɗaya ba ne, ya tafi da safiyo nasa ba nasu ba.

Bakatsine_Orile:
Ya saya, jirgi ya gyara Agbado, nan da shekara goma a zo a ce titi zai bi ta falonsa.

DanZango_Agege:
To a lokacin ko ba komai shi za a kira a yi maganar diyya, ba mai gidansa ba. Barista ƙarya na yi?

Lauyan_Zaure:
In yana da takardar da hukuma ta sani da izinin gini, e. In rasit ɗin omo onile ne kawai a hannunsa, sai dai mu yi ta shari'a. @Dan_Iganmu turo min hoton notis ɗin ta inbox in ga kwanan watan da suka sa da wanda ya sa hannu.